Littafina Mai Bango, Babu Ciki

Shekara shida ke nan da na shelanta wa duniya cewa littafina na farko yana nan tafe. Yana da suna, yana da bango mai ɗaukar ido, har ranar fitowa na sa masa sau uku, duk sun zo sun wuce. Abin da ya rasa bai taka kara ya karya ba: daga babi na huɗu ne kawai zuwa ƙarshe.

Wani yaro mai shagon kwamfuta a Jega ne ya zana mini bangon. Na tsare shi tun bayan azahar har aka kira magariba, janareta na ta gurnani a bakin ƙofa, ni kuma ina ta a ƙara wa rawanin jarumin girma, a rage jan da ke sararin samaniya, a ɗan ƙara wa sunana kauri. Da yaron ya gaji sai ya ce, "Yallaɓai, shafi nawa ne, don in san faɗin da zan bar wa gefensa?" Ban ko ƙifta ido ba na ce ɗari uku. A ranar shafi goma sha tara gare ni. Yau sun kai ashirin da shida, kuma bakwai ɗin da suka ƙaru godiya ce da sadaukarwa.

Kada a ce mini malalaci, don malalaci kwance yake wuni, ni ko kullum cikin aiki nake. Aikina shi ne gaya wa marubuta yadda ake rubutu. A zaurenmu na WhatsApp, da wani ya saka shafi guda ya ce a duba masa, kafin kowa ya gama karantawa na danna na aika saƙon murya na minti goma sha ɗaya. Kada a buɗe labari da budurwa gaban madubi tana shafa hoda. Kada kowane saurayi ya zama ɗan Alhaji da ya dawo daga Landan jiya. In tsohuwa za ta yi magana, ta yi irin ta tsofaffin garinmu, mai "munka" da "anka", a daina ara mata bakin Kano. Sai babbar dokata, wadda har wasu suke kira da sunana: shafi uku kowace asuba, kafin a taɓa waya. Ni da wayar nake farkawa.

Abin haushin, shawarwarin suna aiki. Wata ɗaliba daga Maiyama ta ɗauke su da gaske, kamar ba ta san wasa ba. Cikin shekara biyu ta kammala littafi biyu, tana sayar da su ta waya babi-babi, ta kuma aika gajeren labari gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. A shafin godiya ta rubuta ni a matsayin malaminta. Ranar da ta tambaye ni me ya hana ni shiga gasar, na amsa cikin natsuwar manya cewa ai ta mata ce zalla. Ban taɓa jin daɗin wata ƙa'ida kamar wannan ba.

Wanda nake yi wa yara bulala da shi kuwa Abubakar Imam ne. Nakan ce musu ku duba, a 1933, da Rupert East ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, Imam yana malamin makarantar Midil ta Katsina, shekararsa ashirin da biyu, ya zauna da alƙalami da takarda ya fitar da Ruwan Bagaja. Bayan 'yan shekaru ya kawo Magana Jari Ce har littafi uku. Ku da kuke da waya a hannu, mene ne uzurinku? Sai su yi tsit, kunya ta kama su. Har yau Allah bai kawo mai tsaurin idon da zai lissafa cewa na ninka shekarun Imam na lokacin da ya yi wannan aiki ba.

Wajen talla ma ina da malamai na ƙwarai, karatun ne na ɗauka rabi. Marubutan Raina Kama na Kano, su Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, ba su zauna jiran kamfani ba. Da kuɗinsu suka buga, suka riƙa jera sunayen littattafan juna a cikin nasu, suka kai haja kasuwa da ƙafarsu. Su sai da suka ɗaure kaya suka kira mai saye. Ni kiran kawai na gada. Na san lokacin da ya fi dacewa a saka hoton bango a Facebook, na san a tsakuro layi biyu masu tsayar da zuciya a ce saura sai littafi ya fito. Layi biyun nan na tsakure su har sun ƙare, yanzu maimai nake yi, ina canza launin rubutun.

In an matsa mini sai in ce bincike nake. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don labarin a tsohuwar kasuwar Jega na ajiye shi, zamanin da fatake suke sauke kaya a bakin Gulbin Zamfara, Jegar da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa bayan jihadin 1804. Na zauna gaban dattawa ba adadi, na sha furarsu, na ci goronsu, na cika littafin rubutu shida da sunayen unguwanni da zuri'a. Jarumina dai yana nan inda na bar shi a shafi na goma sha tara, ƙafa ɗaya cikin kwalekwale, ɗaya a kan tudu, shekara shida bai haye ba.

Bana da rani na je Aliero gaida kawuna. Na same shi a rumfa cikin albasa, shi da yaransa suna zaɓe, mai kyau gefe guda, wadda ta soma laushi a jefa bayan zana. Warin ya cika wurin har idona ya kawo ruwa. Bayan mun gaisa, bai ko ɗago ba ya ce, "Ɗana, wanga littahi naka da anka ce shina tahe, ta wace hanya ya biyo?" Na fara zuba masa bayanin bincike da tsarin babi. Ya ɗauki wata albasa, ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya wurgar.

"Mu nan ba mu kiran dillali sai kaya sun shiga buhu," in ji shi. "Kuma abin da anka aje ya daɗe, ruɓa shikai."

Na ce masa labarin ne ya ɗan karye a tsakiya. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce in karaya ce ai na zo gida, Aliero ba ta rasa masu ɗori ba, amma su ma sai sun laluba sun ji ƙashi. Yaran suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

A motar komawa Jega na ɗaura niyya. Ina sauka na sayi sabon littafin rubutu, na bakwai, da biro biyu. Bayan isha na shimfiɗa tabarma, na kife wayar, na rubuta "Babi na Huɗu" na ja masa layi da kyau. Sai wayar ta yi ƙara. Wani yaro ne sabon shiga zaure, yana cewa, "Malam, don Allah labarina ya tsaya cak a tsakiya, yaya ake yi?"

Wannan fanni kuwa duk jihar Kebbi babu wanda ya kai ni saninsa. Na jawo wayar, na gyara murya, na fara da cewa mu a wajenmu ba a kiran dillali sai kaya sun shiga buhu. Saƙon ya kai minti goma sha huɗu, kuma ban ce daga bakin Kawu na ji ba.