Baƙon da Ya San Hanyar Zuciya

A cikin wasan kwamfuta mai suna Mass Effect: Andromeda, wanda kamfanin BioWare na Kanada ya fitar a 2017, an dasa wa jarumin labarin, Ryder, wata na'ura a ka, wadda ta haɗa shi da wani ƙirƙirarren hankali da ake kira SAM, mai gani da idonsa, mai ji da kunnensa, mai ba shi nasiha ko ya nema ko bai nema ba. Gado ne daga mahaifinsa, ko da yake malaman fara'ila da wuya su sami babin da za su sa shi.

To, ranar da abokin gāba ya kama Ryder cikin tarkon da ba ya riƙe kowa sai mai rai, sai SAM, cikin ladabi da natsuwa, ya bayyana cewa mafita ɗaya ce tak: ya tsayar da zuciyar maigidan nasa, tarko ya saki gawa, sa'an nan ya jarraba farfaɗo da shi. Jarrabawa fa! Aka yi haka, Ryder ya tashi, kuma maimakon ya kai ƙara gaban alƙali, sai ya ci gaba da neman shawarar wanda ya kashe shi ɗazu.