Motar da Ba Ta Rawa Sai a Hanyar Zariya

Motata 'yar Kwatano ce, kuma a cikin Kano babu mai ladabinta. Daga Kabuga zuwa Bata ba ta tari, ba ta atishawa. Sai mun baro Na'ibawa mun miƙi hanyar Zariya, allura ta doshi 90, na taka totur, sannan halinta ke fitowa. Kujera ta ɗauki makyarkyata, madubi ya mai da mota ɗaya uku, kai ka ce a kan injin markaɗe aka zaunar da ni. Ina ɗaga ƙafa, sai tsit.

Ranar da ta fi kunyata ni, surukata na ɗauko za mu biki Zariya. Na fito zan wuce tirela ke nan, motar ta soma. Hajiya ta ja salati, salatin ya fito a yanke-yanke.

"Baban Ummi, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, Hajiya, titin ne."

Titin kuwa sumul. Ta leƙa waje, ta ce dama dajin nan ba ya rasa mutanen ɓoye. Wa ya isa ya musa wa surukarsa? Na ce, "Haka ne, Hajiya," haƙorana na haɗuwa.

Da muka dawo na faɗa hannun masana. Mai faci ya rage iska, na gaba da shi ya ƙara. Mai balansin taya ya manna darma a jikin rim, ya haɗa mini da lacca: a gudun kilomita 100 a awa taya na juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa, don haka 'yan giram na nauyi a gefe guda sun isa su kaɗa sitiyari. Gaskiya ya faɗa, na biya, rawa na nan. Mai alaimen ya ce ƙafa ce ta karkace. Mai wayarin ya canza filogi. Kowa ciwon da yake da maganinsa a shago shi yake hangowa. Duk wanda na ɗauka gwaji kuwa zagayen unguwa muke yi, motar ta yi laƙwas, ni in zama maƙaryaci. Wani yaron gareji har ya tambaye ni, cikin ladabi, ko ina auna hawan jini.

A ƙarshe aka yi mini kwatancen wani dattijon bakanike a bayan Ƙofar Ruwa. Ko bonet bai buɗe ba. Ya nuna mini benci, ya hau ni da tambaya.

"Alhaji, in ka taka birki take yi?"

"A'a, Baba."

"To ba faifan birki ba ne. A tsaye fa, inji na aiki?"

"Ko motsi."

"A bar filogi ya huta. In ka sa giya tana zabura da ƙara?"

"Ba ta yi."

"Injin sit ya tsira. In ka saki totur a wannan gudun fa?"

"Nan take ta daina."

Ya tafa hannu. "Taya ba ta san ƙafarka ba, Alhaji. In ita ce, ka taka ko ka saki, muddin gudun na nan rawar na nan. Abin da ke kuka sai an ɗora masa ƙarfin inji, shaf ne. Amma sai mun hau babban titi, kuma ciwon ya fi fitowa in da nauyi a baya."

Muka kama hanya. Motar ta yi rawarta tun kafin Kura, na ce mu juya, Baba ya ce bai gama saurare ba. A Kura ya ce in tsaya, sai ga buhun shinkafa ana cusawa a but, wanda da gani tuni an biya kuɗinsa. A dawowa ya lumshe ido yana gyaɗa kai, wai yanzu ya ji ta sosai. Har ƙofar gidansa muka yi gwajin.

Amma fa ya san aikinsa. Da aka ɗaga motar da jak, ga robar shaf ta can ciki, kusa da giyabos, a yage, giris ya fallatsa ko'ina. Ya zaro kan shaf ɗin ya nuna mini: ƙafa uku masu 'yan tayoyi, suna zirga-zirga a cikin kofin ƙarfe. Giris ya fita, yashi ya shiga, tayoyin suka ci rami a jikin kofin. Ana taka totur su danne cikin ramin su girgiza mota, ana saki su sarara. Ya ce na waje, na kusa da taya, shi ba ya ɓoye ciwonsa, ƙas-ƙas yake yi in an sha kwana. Na ciki ne munafuki.

Aka sa wani shaf. Na hau titi ni kaɗai, na taka, motar ta tafi lif. Na kira shi ina zuba godiya.

"Kar ka yi saurin murna, Alhaji," in ji Baba. "Ba a sallamar shaf sai an gwada shi da nauyi. Gobe da asuba ka biyo, amma wannan karon sai mun kai Kwanar Gafan. Ka kwashe tarkacen but ɗin, kwandon tumatir ba ya son matsi."