Yadda ɗan Damari zai yi digiri na biyu a kan tabarau mai kai mutum wata duniya

Kafin fom, kafin kuɗin makaranta, ka fara shirya amsar da za ka ba Baba. Ka gama digiri, ka yi bautar ƙasa, gida an sa ran za ka kama aiki a sakatariyar Sabuwa a ɗaura aure bayan kaka, sai ga ka da zancen komawa aji. Zai ce, "To, wannan karon kuma me za a karanto?" Kada ka ce masa VR da AR, zai ɗauka sababbin jam'iyyu ne. Ka ce na farkon tabarau ne da in mutum ya sa, yana zaune a zaure sai ya gan shi a wani wuri daban, ya waiga dama ya waiga hagu, wurin na kewaye da shi. Na biyun kuwa mutum na kallon gonarsa yadda take, waya ta ɗora masa bayani a kan abin da yake gani.

Gwaggo za ta ja a'uzubillahi daga tsakar gida. Ka kwantar mata da hankali, babu aljani ko ɗaya a ciki. Kowane ido ana nuna masa hotonsa da ɗan bambancin kusurwa, ƙwaƙwalwa ta haɗa biyun ta ga zurfi. Ba ma sabon abu ba ne: tun 1968 Ivan Sutherland ya haɗa irinsa a Amurka, sai da aka rataye shi daga rufin ɗaki. In Kawu ya tambayi ko akwai abinci a harkar, ka gaya masa a 2014 Facebook ya sayi kamfanin Oculus mai ƙera irin wannan tabarau a kan dala biliyan 2. Nan take zai gyara zama ya fara kiran ka injiniya.

Yanzu maganar da ba ta da daɗin ji. Karatun nan lissafi ne. Wanda ya fara da sayen tabarau kafin ya iya lissafin bekta da matiriks ya sayi sirdi ne babu doki. Ka koyi rubuta manhaja da C# a kan Unity, ko ka kama Unreal Engine, ka saba da Blender wajen ƙera siffofi, shi kyauta ne. Dalilin tsananin kuwa yana cikin jikin ɗan Adam. Dole na'ura ta sake zana hoton sau 72 zuwa 90 a daƙiƙa ɗaya, kuma in mutum ya juya kai hoton ya biyo shi nan take. In ya yi jinkiri, ido ya ce ana tsaye, kunnen ciki ya ce an motsa, sai jiri da tashin zuciya. Ka tuna wanda zai sa tabaraun ranar kare kundinka farfesa ne, kuma da biro a hannunsa.

Ina za a je? Hanya mafi kusa ita ce ka bi ta Funtuwa ka sauka Zariya, ka nemi digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello, ko ka wuce Jami'ar Bayero a Kano, sannan ka karkata bincikenka zuwa wannan fanni. A nan malamin da zai duba aikinka ya fi komai muhimmanci, ka nemo wanda ke sha'awar zanen kwamfuta tun kafin ka biya kuɗin fom. A waje akwai inda aka ware kwas ɗin da sunansa: Goldsmiths a Landan, Jami'ar Lund a Suwidin, Trinity College a Dublin. Tallafin Chevening na neman shekara 2 ta aiki, akwai na Commonwealth, malaman manyan makarantun gwamnati kuma suna da TETFund. Takardar cikakken sakamakonka ta digirin farko kuwa, ka neme ta tun ruwan shuka in kana so ta fito da girbi.

Sai kayan aiki, wanda a wajenmu yaƙi ne na kansa. Mutanen Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara ba su manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro. Saboda haka duk darasin da ka samu ka sauke shi, ka ajiye a wuri biyu, ka tsara aikinka yadda zai yi ko babu intanet. Ka nemi sola da batir kafin ka nemi tabarau mai tsada. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai ƙarfin zane ta fi tabaraun Meta Quest amfani a shekarar farko, kuma tun 2014 Google ya nuna cewa kwali da gilasai biyu da wayar hannu sun isa gwaji. Kwalin taliya ma ya yi. Ranar da ka mallaki na gasken, kada ka kuskura ka bar shi a rana, gilasan kan tattara hasken su ƙone allon. Kafin ka sa kuma ka share fili, ka kawar da tukunya, ka ɗaure akuya, ka gargaɗi ƙannenka, domin makaho kake muddin yana fuskarka.

Abin da na fi so ka ji shi ne batun maudu'i. Don Allah kada ka je har Suwidin ka dawo da wasan harbin dodanni, masu yinsa sun yi yawa. Abin da kake da shi wanda ɗan Landan ba shi da shi, Damari ce. Tsutsar nan da ta shigo Najeriya a 2016 tana cin zuciyar masara, manomi zai iya ɗora kyamarar waya a kan ganye, ta zagaye masa ɓarnar, ta gaya masa da Hausa yaushe zai yi feshi. Masana na nan Samaru, a cibiyar binciken aikin gona, ka je ka durƙusa ka tambaye su. Ɗaliban sakandare da ke haddace gwajin kimiyya ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, gina musu ɗakin gwaji a cikin tabarau aiki ne da ya isa digiri. Maniyyata tsofaffi da ke bita za su amfana in sun ga inda ake fara ɗawafi da yadda Safa da Marwa suke kafin su hau jirgi. Hasumiyar Gobarau ma, hotuna masu yawa daga kowane gefe sun isa a gina siffarta a ajiye.

Kuma kada ka ce namu ba ya kaiwa ko'ina. Judith Okonkwo ta buɗe cibiyar wannan fanni, Imisi 3D, a Legas a 2016, a 2019 kuma fim ɗin VR na Joel Kachi Benson a kan iyayen 'yan matan Chibok ya ci kyauta a bikin fina-finan Venice. Yankin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020 yana da labaran da duniya ba ta gani ba. In za ka taɓa su, ka nemi izinin masu su, ka tafi da ladabi.

Wajen gwaji da jama'a, ka zaunar da dattijo kafin ka sa masa, minti biyar ya isa, kuma ka lissafa da hula da rawani. Mata, mace ce za ta ɗaura musu. Ka sa murya maimakon rubutu. Sannan ka sani, daga ranar da aka ji kana karatun kwamfuta, duk wayar da ta lalace a unguwa ƙofarku za a kawo ta. Ka karɓa da fara'a, ka riƙa rubuta sunan kowacce da girman ma'adaninta, domin a kan waɗannan Tecno da Itel ɗin manhajarka za ta yi aiki.