Maneji da Shayin Babarbare

Mala, bawan gidanmu, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka zo ka durƙusa. Ran Juma'a da na biyo ta shagonka a unguwar Jekadafari ta Gombe, ka haɗa mana shayi mu shida da gwangwanin madara ɗaya, har ana hango gindin kofi, ka ce wai in yi maneji. Ni Bafulatani, jikan masu nagge, a ce in yi maneji da madara! Shayin dai na haɗiye shi, kalmar ce ta tsaya mini a wuya, shi ya sa na bi sawunta.

Bature manage yake cewa, kuma shi ma aro ya yi. A ƙarni na 16, zamanin da Mai Idris Alooma naku ke mulkin Barno, ya ɗauko ta daga Italiya, inda maneggiare ke nufin horar da doki, a juya shi, a tsayar da shi inda ake so. Tushenta manus ne, wato hannu da Latinanci. Ka ji fa, hannu a kan linzami. Daga doki aka kai ta kan mutane da dukiya, har aka samu manaja, mai juya ma'aikata kamar ingarma.

To ku da ba ku da hira sai dawakin Barno da barade, yaya aka yi linzamin naku ya koma cokalin suga? Ran hawan sallah ka je ƙofar fadar Sarkin Gombe ka ga jikokin Buba Yero, wanda ya kafa masarautar, suna jahi. Doki zai taho a sukwane, a ja linzami, ya turje a gaban sarki, ƙura ta tashi. Ga maneji na asali.

Amma zan ba ka haƙƙinka, kada ka ce Fulani ba su da adalci. Faransawa suna da ménager, tattalin kayan gida. Turawan Ingila suka cakuɗa ta da ta dokin, tsimi ya samu ƙofar shiga. Da ta iso bakinmu kuwa sai ta kife. Mai keke Napep zai cusa mutum biyar daga Pantami, ya ce a yi maneji. Magidancin da ya saba awon buhu a Tudun Hatsi ya koma mudu, ka ce masa yaya iyali, ya ce ana maneji. A wurinmu mai linzami ba ya maneji, wanda aka ɗaura wa sirdi shi ke yi. Ranar nan kuwa ni ka hau, da ni da baƙina.

Gobe da hantsi yaro zai kawo maka ƙwaryar kindirmo, ka ga yadda iyayen gida ke kyauta. Kada ka tsinka shi da ruwa. Kuma ka dawo mini da ƙwaryata da faifanta, na san halinku.