Gawon gonarmu da dogonyaron Yamai

Mu nan Arewa akwai halin da muke da shi wanda baƙo kan yi mamakinsa. Ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace, mukan fito manya da yara, a haƙa ramuka a bakin hanya, a dasa, a yi tafi, a watse. Kafin a ɗaure dammunan hatsi awaki sun gama da mafi yawan itatuwan, ba wanda ya ɗaga kai. Amma bi mutum zuwa gonarsa cikin Dallol Mawri, ka taɓa masa ɗan gawon da bai kai gwiwa ba, ka ga yadda idonsa zai yi ja.

Zancen ya taso a fadarmu ne da wani ƙanenmu direba ya dawo daga Yamai yana jimami.

"Kawu, dajin dogonyaron nan da ya zagaye birni ya kusa ƙarewa. Inda na sani da inuwa, yanzu sai gidaje da gidajen mai da juji."

Dajin da yake faɗa an fara dasa shi a 1965, don ya tare wa Yamai iska da ƙura. Tsawonsa ya kai kilomita 25, faɗinsa wajen kilomita ɗaya, kusan hekta 2,500 ke nan. Aiki ne na masu hangen nesa, ba mai musun wannan.

Kawu ya ajiye kofin shayi. "Ɗana, kafin a dasa, filin nan na wa ne?"

"Gonakin mutane ne, Kawu."

"To, an zauna da su?"

Nan fa gizo ke saƙar. Masu gonakin gado sun daɗe suna kukan ba a biya su diyya ba. Itacen ya zama na gwamnati, ƙasar kuma suna ganin tasu ce. Da birni ya matso, fili ya yi tsada, sai aka shiga yanka ana sayarwa. Ni dai ban ga yadda ma'aikatan gandun daji, komai yawansu, za su tsare dajin da maƙwabtansa ba su ɗauke shi nasu ba.

Gawo kuwa ba mai tsare shi sai mai shi, don ya san amfaninsa da idonsa. Da damina yakan zubar da ganye, rana ta sami shuka, ganyen ya zama taki. Je ka dubi hatsin gindinsa, karan ya fi kauri, zangarniya ta fi tsawo. Da rani kuma ya yi kore shar, ƴaƴansa su zubo, tumaki su yi ta rububi. Shi ya sa in muna sassabe mukan bar tohon gawo da kalgo da sabara, mu rage rassa, mu bar biyu ko uku masu ƙarfi su tashi. Wannan dabara ta bazu ne daga ƙasar Maradi, inda aka yi babban taron ƙasa kan gurgusowar hamada a 1984, kuma yau ana lissafin gonakin da ta farfaɗo da su a Nijar sun kai hekta miliyan 5. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina a gonarsa. Ba wanda ya kawo mana irin nan a mota.

Abin da ya sa zancen ya dame mu shi ne Dogondutsi ma faɗaɗa take yi. Duk wanda ya kwana a garin nan da ruwan Agusta ya san yadda ruwa ke gangarowa daga kan duwatsu da gudu, yana kwaso yashi zuwa cikin unguwanni da Tapkin Saw, inda masu garka ke neman abincinsu. Kowane itacen da aka sare a gindin dutse, ƙofar gidan wani ce za ta biya. Tibiri kuma tun da ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011 ake ta gine-gine, haka Kore Mairuwa a bakin kwalta. Shi ya sa muka shiga zancen a kira taro kafin a raba filaye.

Inna mai ƙosai, da ke jin mu daga gefen kaskonta, ta sa baki.

"Ku maza kuna ta zancen taro. In za a yi, a kira mu. Mu ke tafiya neman itacen girki, mu muka san inda ya ƙare. Kuma kada a sa shi da hantsi muna kan aiki, kada a yi shi da Faransanci."

Gaskiyarta. A kira Bafulatanin da burtalinsa ya bi ta wurin, a kira mai gonar da za a shiga, da masu garka, da mai sayar da itace shi kansa, don shi ma iyali yake ciyarwa. Wurin zaman ma akwai shi: tun dokar karkara ta 1993 aka tanadi kwamitocin kula da filaye, waɗanda muke kira Kofo, yau kuma ana samun su daga gunduma har ƙauye. Sai dai mun saba zuwa gare su bayan rigima ta ɓarke, an riga an zare sanda.

Kawu ya ce ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai sami mai unguwa, su je wurin magajin gari tare, a nuna musu inda rabon filaye na gaba zai bi tun ba a kafa duwatsun iyaka ba. Inna ta ce in sun sa rana a gaya mata, za ta zo da matan unguwa.