Yadda Na Yi Wa Mota Ƙarin Ruwa

Tun farko dai ba wanda ya aike ni. Magidanci mai 'ya'ya biyar a garin Mubi ya kwashi kuɗin da ya tara na rufin shago, ya sayo mota mai kujera biyu. Mazda MX-5 ce ƙirar 1994, 'yar Kwatano, ja wur, rufinta na tamfol ana naɗe shi baya, fitilunta kuma a ɓoye suke, sai an kunna su ɗago kai kamar kwaɗo ya ji ƙamshin ruwa. Ranar da ta iso, uwargida ta zagaye ta sau ɗaya ta ce, "Baban Ummi, sauran motar yana hanya ne?" Ban tanka ba. A raina na ce ba kowa Allah ya ba idon sanin mota ba.

Cikinta kusan shafar ƙasa yake. Daga Lokuwa zuwa kasuwa sai na yi ta karkata ina lallaɓa kowane tudu kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Ran da tsautsayi ya kai ni kasuwar shanu, wani bijimi ya leƙo ya dube ni daga sama.

Sai ga 29 ga Mayun 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Na lulluɓe jar da tsohon zanin gado na koma hawa keke napep, ina gaya wa mutane wai likita ya ce in rage tuƙi. Bayan wasu makonni na murza makulli, ta ce ƙyas-ƙyas ta yi shiru. Ashe batir ko ba a taɓa shi ba yana zubewa a hankali, agogo da rediyo na tsotsa, zafin Mubi na taya su.

Wani abokina ya kawo min magani daga Yola, 'yar na'ura kamar sandar sabulun wanki, da wayoyi biyu, ja da baƙa, kowacce da bakin kada. Ya ce ba irin cajar masu shago ba ce, ita tana ɗiga wa batir wuta kaɗan-kaɗan, kamar amfiya ɗaya, in ya cika ta sassauta ta riƙe shi wajen volt 13. Na ce to ai ƙarin ruwa ke nan, ni kuwa na taɓa jinya a asibiti, ba na buƙatar takardar bayani.

Na ɗaga bonet. Babu batir. Na duba dama, na duba hagu, na leƙa ƙarƙashin inji. Na saki salati da ƙarfi har maƙwabta suka fito. Na tsaya a ƙofar gida ina jawabi a kan lalacewar tarbiyya, na rantse na san wanda ya yi, na ma fara kallon mai shayin layinmu da gefen ido. Wani dattijo ya ce, "Alhaji, in an sace batirin, wa ke kunna maka wancan agogon na cikin mota?" Na ce sauran wuta ce da ta maƙale a waya. Wallahi haka na ce, kuma da murya irin ta masana. Aka kira ɗan riwaya, ya aiko yaronsa, wanda bai wuce shekara sha huɗu ba. Yaron ya karɓi makulli, ya zagaya baya, ya buɗe but, ya ɗaga murfi a gefe. "Ga shi nan, Baba. Irin wannan a baya suke sa shi." Wata takwas ina tuƙa mota ban san inda zuciyarta take ba. Har yau mai shayi in zai zuba min madara sai ya tambaye ni ko an kama ɓarawon.

Aka kai batirin shago ya kwana a caji, don na'urar ba ta tayar da wanda ya riga ya mace. Yaron ya koya min: ja a kan alamar tarawa, baƙa a jikin ƙarfen mota inda babu fenti, soket shi ne na ƙarshe. Na yi daidai, 'yar fitila ta yi kore. Abin da ban lissafa ba shi ne na'urar tana son wuta dare da rana, mu kuwa wuta baƙuwa ce, ta leƙo ta gaishe mu ta wuce. Sai na koma tayar da janareta kullum da yamma. Uwargida, wadda ba ta san mota ba, ita ta zauna da biro ta nuna min man da nake ƙonawa don kada in tuƙa motar ya isa ya kai ni Hong in dawo.

Na ce a yi haƙuri, ranar biyan buƙata rai ba a bakin komai yake ba. Ranar ita ce ƙaramar Sallar 2024. Na sha shadda mai sitaci, na karya hula, na yaye zanin gado, na naɗe rufi. Gida cike da baƙi. Murzawa ɗaya ta ɗauka da wani gurnani mai daɗi, na ji duk kuɗin janareta ya halatta. Na taka mai na fice. Na ji wata ƙarar faɗuwa a baya, na ce yara ne da wasan Sallah. Layinmu kaf aka miƙe ana "Alhaji! Alhaji!" ana nuna ni. Yara suka biyo ni a guje. Na ɗaga hannu ina jinjina hagu da dama kamar mai hawan daba, har na kunna fitilu da rana tsaka don su ga ƙiftawar ido. Na ce yau Mubi ta gane.

Tudun farko na bakin titi ya tsayar da ni. Na waiwaya. Daga but ɗin waya ta fito, na'urar na reto a jikinta, bayanta doguwar wayar ƙari mai soket shida da na jawo daga falo, tana jan ƙasa kamar jela. Caja uku na baƙi na maƙale a jiki. Fankar tsaye ta rako mu har ƙofar gida kafin ta haƙura.

Wani mai keke napep ya tsaya, ya tsinci wata waya a cikin ƙura, ya goge ta da rigarsa ya miƙo min da hannu biyu. Gilashin ya yi raga-raga, amma tana ƙara. Na duba. Wayar surukata ce, 'yarta ce ke kira.