Mas'alar Bindigogi Biyu

Tun da aka tare Kogin Kano a Tiga zamanin mulkin Audu Bako, aka gama aikin a 1974, ruwa ya riƙa gangarowa ta kanal har Kadawa da Kura da Bunkure, mutanen yankinmu suka daina bambance rani da damina ta fuskar aiki, domin kafin a gama sussukar shinkafa an shiga dashen tumatir, kafin tumatir ya ƙare a Kwanar Gafan alkama ta nuna. Kuma sanannen al'amari ne cewa duk inda arziki ya sauka, ɓarawo ba ya jiran goron gayyata.

Ni mutumin Dawakin Kudu ne, malamin makaranta da ya ajiye alli, ina da 'yar gona wajen Bunkure, can ƙurewar da ruwan kanal ke isa a gajiye in ya ga dama, saboda haka ranta ya rataya ga injin ban-ruwa guda mai inci uku, wanda nakan bari a bukka in lulluɓe da buhu. Da aka fara ɗauke injinan maƙwabta cikin dare, sai na ƙudurta a raina cewa kare dukiya wajibi ne, wajibin kuwa ba ya cika sai da makami. Uwargida ta ce, "Malam, ka riƙa ɗoro shi a babur kana zuwa da shi gida mana kowace yamma." Na bayyana mata cewa wannan dabarar masu ƙaramar himma ce. Ta ce to a nemi kare, tunda malamai sun halatta shi don tsaron shuka. Na ce halal ne, amma mutumin da ya karantar da rabin garin nan ba za a gan shi yana rarrashin kare da ƙanzo ba. Abin da ya dace da ni shi ne ƙaramar bindiga, irin wadda ake sakawa a aljihun riga, mai ɗura wa kanta harsashi duk lokacin da aka danna kunama.

Na kai maganar majalisarmu ta bayan Isha'i, a gindin teburin mai shayi, nan take kuwa jama'a ta rabu mazhaba biyu. Limamin ta farko shi ne Saje, tsohon soja da ya je Laberiya cikin rundunar ECOMOG a 1990. Limamin ta biyu ɗan ƙanena ne, yaro mai karatu a Kano, wanda duk iliminsa na yaƙi yana cikin wayarsa. Kasancewar aljihuna ba ya ɗaukar sabuwa fil, suka yi ittifaƙi a kan cewa ta hannu zan saya, suka saɓa a kan wace ce.

Saje ya tsaya kai da fata a kan Browning, ya jero mana nasabarta tun daga tushe: cewa John Browning na Amurka ne ya fara zana ta, ajali ya riske shi a 1926 bai gama ba, wani maƙeri na kamfanin FN a garin Herstal na ƙasar Beljiyam ya kammala, ta fito a 1935 tana cin harsashi goma sha uku, a zamanin da takwarorinta ke cin bakwai ko takwas, cewa ƙarfe ce tsantsa, nauyinta ya kusa kilo guda, kuma cewa a Yaƙin Duniya na Biyu Jamus ta riƙe ta, Ingila ma ta riƙe ta, abin da ya nuna ko maƙiya sun yi ijma'i a kan falalarta. Da aka matsa masa da tambaya ko ya taɓa harba ta, sai ya ce shi dai ya daɗe yana goge ta kyaftin ɗinsu, wanda kuwa ya goge abu ya fi mai shi sanin sirrinsa.

Yaron ya bari har ya dire, sa'an nan ya ce, "Baffa, da girman Saje, amma wannan zance ne na jiya." Ya kawo Glock 17, wadda sojan Ostiriya suka karɓa a farkon shekarun 1980, mai cin harsashi goma sha bakwai, gangar jikinta ta roba ce mai tauri, ba ta da nauyi, sassanta kaɗan ne, kuma kayan gyaranta sun cika duniya, alhali FN ta tsayar da ƙera waccan tsohuwar tun 2018. Ya rufe da hujjar da ta sa majalisa ta yi tsit, wato cewa sojan Ingila da kansu sun ajiye Browning a 2013 sun ɗauki Glock. Saje ya kurɓi shayi ya ce, "Kai yaro, faɗa wa Malam sana'ar Gaston Glock kafin ya fara bindiga." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce sandunan labule da wuƙaƙe yake ƙerawa. Saje ya ce, "To kun ji. Malam zai tari ɓarawo da abin da ba shi da maraba da bokitin roba."

Haka muka riƙa raba dare, kullum da sabon babi. Ni kuwa, da yake na saba da gyaran jarrabawa, na tsaga takarda gida biyu ina rubuta rajihi da marjuhi. Na fahimci cewa a kayan hannu shekarun abu ba su kai hannun da ya riƙe shi muhimmanci ba, domin tsohuwar da aka adana cikin mai ta fi sabuwar da aka bar wa tsatsa. Na fahimci ana duba cikin bututu, da ƙarfin sifirin, da gidan harsashi. Har na fahimci cewa Browning tana da maɓallin tsaro da ake turawa da babban yatsa, Glock kuwa nata yana jikin kunama, wanda hakan ya tayar mini da hankali ƙwarai, saboda ni mutum ne mai yawan laluben goro a aljihu. Duk wannan tahaƙiƙi a kan hotuna muka yi shi, don babu ɗayanmu da ya san inda ake sayar da ko guda, amma wannan bai rage wa mujadalar armashi ba. Daga ƙarshe na yi istihara, na rinjayar da tsohuwa, na sayar da shinkafa a Kura, na kuma sanar da majalisa da babbar murya, har da baƙin fuskokin da ke shan shayi a ƙarshen benci, cewa ranar Litinin zan shiga Kano neman lasisi, mai yiwuwa ma in kwana.

Na sa babbar riga, na hau mota a Kwanar Dawaki, na isa wani ofishi da aka kwatanta mini, aka shigar da ni wurin wani jami'i mai furfura da kyakkyawar tarba. Na shimfiɗa masa takardata, na karanto hujjojin ɓangarorin biyu dalla-dalla. Ya saurara da natsuwa, har ya tsoma baki ya ce shi a ra'ayinsa yaron ya fi gaskiya, muka ɗan taɓa muhawara mai daɗi. Sai da na numfasa, ya jawo wani littafi daga durowa ya ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa duba Dokar Makamai ta 1959?" Ya nuna mini cewa doka ta kasa bindigogi kashi uku: bindigar toka da danginta, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba wa izini, bindigar farauta, wadda izininta ke hannun Sufeto Janar, sai kashin da aka haramta, inda ƙaramar bindiga ke zaune a jeri ɗaya da igwa da gurneti da mashinga, babu mai ba da izininta sai Shugaban Ƙasa, wanda aka kama da ita kuwa ba izini, ɗaurinsa ba ya gaza shekara goma. Na tambaye shi ko hukuncin ya bambanta tsakanin tsohuwa da sabuwa. Ya ce a nan kam doka ta yi musu adalci.

Na kwana a birni wurin wani ɗalibina, ina tsara wasiƙar Shugaban Ƙasa a zuci, washegari na zarce gona. Na tarar da bukka, na tarar da buhu an ninke shi da ladabi an ajiye a gefe, na tarar da tiyo kwance a bakin rami. Injin ne kawai ya yi tafiya.

Uwargida ba ta ce uffan ba, illa dai ta yawaita tambayata lafiyar babur. Majalisa ta yi mini jaje, aka yi addu'ar Allah ya mayar da alheri, kuma kafin a shafa fatiha Saje ya ce kuɗin bindigar nan su zan sa in sayi tsohon Honda na Japan, wanda ya sha aiki amma ƙarfensa na gaske ne, yaron ya ce a'a, Baffa, akwai na Sin da bai shekara a hannun mai shi ba. Har yanzu ba a rufe wannan babi ba, tumatir kuwa da injin haya nake ba shi ruwa. Game da mas'ala ta farko, ina nan a kan fatawata cewa Browning ce ta fi.

Jama'ar Kura da Bunkure da Garun Malam, duk wanda aka kawo wa tallan injin ban-ruwa ja, mai inci uku, wanda aka ɗaure marfin tankinsa da wayar keke, don Allah ya riƙe mai tallan da hira, ya aiko Dawakin Kudu wurin mai shayin bakin masallaci a sanar da ni.